Tsakanin hutu da watsi

A wani dare na watan Mayun 2024, lokacin da zafin bazara ya kori kowa daga ɗaki a garin Yauri, uwargidana ta zo ta ajiye wani kaye mai shuɗin bango a gefen tabarmata, ta zauna, ta ce: «Malam, na gaji. A bar yaron nan ya huta, ni ma in huta.» A cikin kayen nan ne take rubuta darussan da take yi wa autanmu safe da yamma, fiye da shekara biyu ke nan, bisa tsarin da wata malamar horo ta Damagaram ta shimfiɗa mata. Ban tsaya na yi tunani ba, sai na jefa mata karin maganar da ta fi kusa da bakina, na ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba ta tanka ba. Ta tashi ta shiga ɗaki duk da zafin, ta bar mini kayen. Tun daga wannan dare nake juya tambayar da nake so in ajiye a gaban mai karatu: shin uwa da uba suna da ikon dakatar da horon da ake yi wa ɗansu mai lalura, alhali sun ga amfaninsa da idonsu, alhali kuma yaron ba ya iya buɗe baki ya ce ya yarda ko bai yarda ba? Yin haka hutu ne, ko kuwa cin amana ne aka sa wa sunan hutu?

Kafin a shiga gardama, ya kamata a san yaron. An haife shi a 2017. Ya yi rarrafe, ya yi tafiya a kan lokaci, amma har ya cika shekara uku bai ce «Inna» ba. In an kira sunansa ba ya waiwayowa, sai ka ce kurma, amma kuma ƙarar injin niƙa daga nesa takan sa ya toshe kunne yana ihu. Yakan wuni yana jera murafen kwalba a gindin bango, wanda duk ya taɓa masa jerin nan kuwa ya tayar wa gida da hankali. Kowa ya kawo nasa bayanin: wasu suka ce iska ce ta shafe shi, wasu suka ce baki ne, wata tsohuwa ma ta raɗa wa mahaifiyarsa cewa ɗan ruwa ne. An ba shi rubutu, an yi masa turare, an yi sadaka. Sai a 2021 wani likita a Damagaram ya duba shi ya ba abin suna: otizim, lalurar da wasu gidajen rediyo ke fassarawa da galahanga. Likitan da ya shahara da siffanta ta shi ne Leo Kanner, wanda ya bayyana halin yara 11 a birnin Baltimo na Amurka a 1943. A 2023 ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kusan yaro 1 cikin 100 yana ɗauke da ita. Babu ƙwaya ko allurar da ke raba yaro da wannan lalura. Abin da ake da shi shi ne horo.

Kalmar «horo» a bakin Bahaushe takan zo da ƙamshin dorina, amma horon ɗabi'a da muka gani babu duka a cikinsa. Akan ɗauki aiki guda, kamar wanke hannu, a gutsuttsura shi: ɗauko buta, zuba ruwa, shafa sabulu, ɗaurayewa. Kowane gutsure a maimaita shi sau goma, sau ɗari, duk sa'ad da yaro ya dace a saka masa da abin da yake so, dabino ko tafi ko sabon murfin kwalba, har jiki ya saba. Daga farkon 2022, kowane mako biyu mahaifiyarsa takan riƙo hannunsa su hau kabu-kabu zuwa Matamaye, daga nan su shiga mota su yi kusan kilomita 90 zuwa Damagaram, su kwana a gidan dangi, da safe malama ta yi aiki da shi, ta duba kaye, ta ɗora sabon darasi, su juyo. Dole in faɗi gaskiya: abin ya yi aiki. Yaron da ba ya neman ruwa sai da kuka ya koyi ɗauko katin da ke da hoton moɗa ya miƙa. Ya koyi zuwa makewayi. Ya samu kalmomi 14 da muke ƙirgawa kamar dukiya. Da horon bai amfana ba, da tambayata ba ta da wuya, domin babu mai tuhumar wanda ya bar rijiyar da ba ta da ruwa.

To, amma kowace tafiya takan ci jika goma, wani lokaci fiye. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa ƙasarmu takunkumi, aka rufe iyaka da Najeriya, mu da muke numfashi ta hanyar Daura da Kano muka ga tsadar da ba mu saba gani ba. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma aljihu bai farfaɗo tare da shi ba. Awakinta biyu suka tafi kasuwa. Babbar ƴarmu, wadda ke ajin farko na kwalejin da nake koyarwa, ita ce ke riƙe gida da ƙannenta duk ranar tafiya. A ƙarshen zango na biyu na ga sunanta a ƙasan jerin ajinsu, a allon sanarwar da nake wucewa kullum. Shi kansa yaron ya shiga wani sabon hali: da ya hangi shuɗin bangon kaye sai ya kai bayan hannunsa baki ya ciza har jini. Ni kuwa, nawa aikin bai wuce in ba da kuɗin mota, da dare in buɗe kaye in duba, kamar yadda nake duba takardun ɗalibaina da jan biro. Ashe mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Duk da haka, hujjojin da suka sa na ƙi a daren farko ba na banza ba ne, kuma ba zan raina su ba. Ta farko ita ce lokaci. Masana sun haɗu a kan cewa ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro ta fi saurin ɗauka, kuma taimakon da aka fara da wuri ya fi albarka. Ƙuruciya ba ta jiran kowa ya gama hutawa. Ta biyu ita ce mantuwa. Wanda duk ya taɓa riƙe alli ya san watan Oktoba: ɗalibin da ya tafi babban hutu yana sarrafa fi'ilin Faransanci yakan dawo kamar bai taɓa jin sa ba, balle yaron da kowace kalma sai da aka sassaƙa masa ita wata da watanni. Ta uku, wadda ta fi ba ni tsoro, ita ce halinmu. A ƙasar nan abin da aka ce na ɗan lokaci ne yakan zama na har abada. Yara mata nawa aka cire daga ajina «zuwa a gama girbi», ban sake ganinsu ba sai da goyo? Mun kuma san inda yaran da iyaye suka sare da su suke ƙarewa: wasu a ɗakin da aka kulle, wasu a bakin titi da ƙoƙon bara, wasu a mari. A 2019 ƴan sandan Najeriya sun fito da mutane masu yawa, har da yara, daga gidajen mari a Kaduna da Daura, kuma a 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa ana ɗaure masu lalurar ƙwaƙwalwa da sarƙa a ƙasashe 60. Babu uwar da ta haifi ɗa da niyyar kai shi can. Daga «bari mu ɗan huta» akan fara. Hujja ta huɗu ita ce amana: babba in ya bar maganinsa, kansa ya yi wa, yaro kuwa wasu ne ke yanke masa, shi ne kuma zai biya.

Da yake sana'ata harshe ce, sai na fara neman mafita daga kalmomi. Bahaushe ya bambanta hutu da fashi da watsi. Mai hutu ya ajiye kaya a gindin icce, yana zaune kusa da su, ya san zai sake ɗauka. Mai fashi ya tsallake rana, ko da dalili ko babu. Mai watsi kuwa ya juya baya. A idon mai wucewa dukansu uku iri ɗaya ne, domin duk ba su kan hanya. Abin da ya raba su shi ne niyya, da kuma alamun da ke nuna niyyar gaskiya ce. Al'adarmu ta daɗe da sanin wannan. Babu karatun da ya fi hadda saurin gudu in an bar shi, amma makarantar allo tana hutun Alhamis da Juma'a tun kaka da kakanni, ba a taɓa cewa malam ya ci amanar almajiri ba, domin akwai tishi, kuma kowa ya san ranar komawa. Addini ma ya yi wa matafiyi rangwamen kasaru, ya yarje wa majinyaci da mai ciki da mai shayarwa su ajiye azumi. Sai dai a lura da siffar rangwamen: mai kasaru ya rage raka'a ne, bai bar salla ba, wanda ya sha azumi kuma yana da ranko a kansa. Wato sauƙin da aka yarda da shi yakan bar wani abu a hannu, yakan kuma ɗaura wa mutum ranar biya.

Manoma su ma suna da tasu kalmar, saura, wato gonar da aka bari ta huta shekara biyu ko uku don ta maido da ƙarfinta. A wannan yanki namu na Kance da Matamaye, inda mutane suka yi yawa gonaki suka tsuke, saura ta kusa ɓacewa. Tsararmu ta tashi tana noma fili guda kowace damina har ya gaji. Ina jin wannan ya shiga tunaninmu, har muka ɗauki duk wata tsayawa a matsayin asara. Da na fara wannan kwatanci, na zaci yaron ne gonar. Daga baya na gane gonar da ake nomawa ba hutu ita ce mahaifiyarsa. Malamar Damagaram tana ganinsa awa biyu a mako biyu. Sauran awoyin duka a hannun uwa suke. In ta faɗi, horo ya faɗi, yaron ma ya rasa inda zai jingina.

Akwai wani tsohon labari da nakan ba ɗalibaina a darasin Faransanci, ban taɓa jin nauyinsa ba sai a wannan shekara. A 1800 aka kama wani yaro da ya rayu shi kaɗai a dajin Aveyron na Faransa, ba ya magana. Wani matashin likita, Jean Itard, ya sa masa suna Victor, ya ɗauki kusan shekara biyar yana koyar da shi mataki-mataki, da hanyoyin da masu horon yau suka gāji wasu daga ciki. Victor ya koyi abubuwa da dama, amma bai yi magana ba, daga ƙarshe likitan ya dakatar da darussa. Wadda ta ci gaba da ciyar da shi da tufatar da shi har ya rasu a 1828 wata mata ce, Madam Guérin. An buga rahotannin Itard, François Truffaut ya yi fim a kan labarin a 1970, amma matar da ta riƙe yaron fiye da shekara 25 ba a cika tunawa da ita ba. Darasi yana da farko da ƙarshe, reno kuwa sai mutuwa ta raba. Duk tsarin horon da ke cinye ƙarfin mai reno yana cin jarinsa ne da kansa.

Sai batun lokaci, wanda ya fi tsorata ni. Imanin cewa kowace awa da aka rasa bashi ce da ba za a biya ba yana da asali. A 1987 Ivar Lovaas na jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis ya ba da sakamakon horon da ya yi wa yara 19, awa 40 a mako, tsawon shekara biyu ko fiye, ya ce 9 daga cikinsu sun shiga makaranta kamar sauran yara. Daga nan wannan adadi na awa 40 ya zama ma'auni, ya kuma zama bulala a bayan iyaye. Binciken baya-bayan nan ya sassauta maganar. A 2021 Sally Rogers da abokan aikinta a Amurka sun kwatanta ƙananan yara 87, wasu ana yi musu awa 15 a mako, wasu awa 25, tsawon shekara guda, ba su ga bambanci a jimlar ci gabansu ba. A 2024 Micheal Sandbank da nata abokan aikin sun tattara bincike sama da 140, ba su sami hujja mai ƙarfi cewa ƙarin awoyi yana kawo ƙarin amfani ba. Kada a ɗora wa waɗannan ayyuka abin da ba su faɗa ba: sun auna yawa da kaɗan ne, ba su auna tsayawa ɗungum ba, kuma yawancinsu an yi su ne a ƙasashen da ba su yi kama da Yauri ba. Abin da suka kawar mini shi ne tunanin cewa horo kamar taki ne, iya zubawarka iya amfaninka. Ban da haka, manyan mutane masu otizim da suka iya rubutu sun yi ta bayyana cewa horon da ya tsananta ya koya musu biyayya, amma ya bar musu tabo a zuci. Muryarsu ita ce mafi kusa da muryar ɗana da zan iya ji.

Wannan ya kai ni ga hujjar amana, sai na ga tana da kaifi biyu. Na ce yaron ba ya iya cewa bai yarda ba. Ashe yana faɗa, ni ne ban iya karatun ba. Malamarsa da kanta ta koya mana cewa ɗabi'a saƙo ce: yaron da ba shi da kalma yakan yi magana da jikinsa. In miƙa katin moɗa magana ce da muke yi wa tafi, to cizon hannu a gaban kaye ma magana ce, bai kamata mu karɓi wadda ta yi mana daɗi mu toshe kunne ga ɗayar ba. Sa'an nan amanar da Allah ya ba ni ba ta tsaya ga ɗa guda ba. Ƴar da karatunta ke zubewa ita ma amana ce, ba ta kuma zaɓi ta zama uwa tana da shekara 12 ba. Adalci tsakanin ƴaƴa bai hana a fifita mai rauni da kulawa ba, amma ya hana a yanka rabon ɗaya gaba ɗaya a ba ɗayan. Kuma shi kansa yaron yana da hakkin ya yi ƙuruciya. Shekara biyu duk wasan da uwarsa ta yi da shi darasi ne a ɓoye, duk dabinon da ta ba shi lada ne na wani aiki. Ya kamata yaro ya san ɗanɗanon dabinon da aka ba shi don ana sonsa kawai.

Saboda haka na yarda, amma da sharuɗɗa, kuma waɗannan sharuɗɗa su ne a ganina iyakar da ta raba hutu da watsi. Na farko, a faɗa a fili. Hutun da ake ɓoyewa ya riga ya fara zama gudu. Na buga wa malamar waya ina jin kunya kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba, sai ta ce: «Mushe, da ma haka iyaye suke yi mini. Yawanci sai dai in ga kujera babu kowa, in kira ba a ɗauka.» Na biyu, a sa ranar komawa kafin a tafi, a gaya wa wanda zai iya tuhumarka in ka saɓa. Muka sa Litinin ta farko a watan Oktoba, na gaya wa mahaifiyata da wani abokin aikina. Na uku, a bar wani abu a hannu. Malama ta ce a rufe kaye, amma a riƙe abu uku da suka riga suka zama rayuwar gida: katin ruwa, lokutan makewayi, da lokacin kwanciya. Na huɗu, a san abin da ba ya karɓar hutu. Yara da yawa masu wannan lalura suna da farfaɗiya, kuma yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya yana iya jawo faɗuwa mai haɗari. Magani sai da izinin likita ake taɓa shi. Haka nan in yaro ya shiga yi wa kansa mummunan rauni, to hutu ya ƙare a ranar.

Da ruwa ya sauka, mahaifiyata ta aiko daga ƙauye: «Ku kawo mini angona, mu je gona.» Ya yi wata huɗu tsakanin gidanmu da nata. Ba zan ce wa mai karatu komai ya tafi daidai ba, domin ƙarya ce. Tabon hannunsa ya warke. Ya koma barci har asuba, abin da muka manta da shi. Ya shaƙu da awakin kakarsa, ya ɗauki kiran da take yi musu ba tare da kowa ya koya masa ba. Mahaifiyarsa ta yi kumari, yayarsa ta ƙetare zuwa aji na gaba da kyar. Amma wanke hannu ya rikice masa, yakan shafa sabulu ya tafi. Kalmominsa 14 suka koma 9. Huɗu daga cikin waɗanda suka ɓace sun dawo kafin ƙarshen Janairun 2025. Ta biyar ba ta dawo ba har yau, ita ce «Baba». Ban san ko hutun ne ya tafi da ita ba, ko da ma za ta tafi, domin irin waɗannan yara sukan rasa kalma ko ana cikin horo. Na dai san cewa na sa hannu a shawarar, kuma ba ni da ikon cewa kyauta muka samu hutun. Mai neman zaɓin da babu asara a cikinsa bai fahimci halin da iyaye irinmu suke ciki ba: asara biyu ce a gabanmu, muka auna, muka ɗauki wadda muke ganin gida zai iya ɗauka.

Jarrabawa ta gaske ta zo a ranar komawa. Daminar 2024 ta zo da ambaliya, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe a farkon Satumba, gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. Zuciya ta ce mini: hukuma ma ta ɗage, kai wane ne? Hujja ce mai kyau, kuma da irin waɗannan hujjoji masu kyau ne hutu ke rikiɗa ya zama watsi. Da yake ba a buɗe makaranta ba, sai na ce ni zan kai shi. Wannan ce tafiyata ta farko da shi a kan wannan hanya cikin kusan shekara uku. Ya yi ihu tun daga Matamaye har muka wuce Takeita, wani dattijo a motar ya juyo ya ce: «Malam, ba ka kwaɓar ɗanka ne?» Na rasa amsa. Na tuna cewa uwarsa ta sha irin wannan kallo fiye da sau hamsin, ta dawo ta ɗora tukunya, ni kuma na tarbe ta da karin magana. Tun daga nan muka sauya tsari da yardar malama: tafiya sau ɗaya a wata, muna karɓa-karɓa, darasin yamma kuma nawa ne. Da tun farko haka muka yi, mai yiwuwa da ba a kai ga neman hutun ba. Sau da yawa in uwa ta ce a dakata, abin da take nufi shi ne hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ba zan rufe ba sai na ce wannan tambaya ba ta gida ɗaya ba ce. Ni ma'aikaci ne mai albashi, shi ya sa har nake da horon da zan huta daga gare shi. A ƙauyukan da ke kewaye da mu akwai yara irin nawa da ba a taɓa ba lalurarsu suna ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan hakkin naƙasassu a 2008, ta kuma yi doka a kansu a 2019, amma muddin taimako yana can birni, nisan hanya zai ci gaba da yanke wa iyaye shawarar da ake zargin su da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wani shiri na koyar da masu reno, zama 9 a rukuni da ziyara 3 a gida, wanda ma'aikatan da ba ƙwararru ba za su iya gudanarwa. An gwada shi a Habasha da Kenya. Irin wannan in ya iso ɗakunan shan magani na karkara, da uwaye da yawa ba su kai ga zaɓi tsakanin ɗa da sauran gida ba.

Ga uwa ko uban da ke riƙe da nasa kayen a daren nan yana jin kunyar gajiyarsa, abin da zan ce shi ne: gajiya ba zunubi ba ce, kuma ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Ka faɗa wa mai horon ɗanka, ka sa rana, ka riƙe kaɗan, kada ka taɓa magani, in ranar ta zo kuma ka tashi ko da ana ruwa. Ga maƙwabci da dangi kuma, kafin ku ce wance ta yi sakaci da ɗanta, ku tambayi kanku yaushe rabon da ɗayanku ya karɓe shi na wuni guda don ta runtsa. Ni dai kowace yamma ina zaune da autana a tabarma, katin hotona yana cikin katunan, ina nuna masa ina faɗin kalmar, yana kallon murafen kwalbarsa. Allah ya ba mu haƙurin reno, ya shirya mana zuriya, amin.